Yaro Da Ɗan Barewa: Tarihin Wani Littafi Da Siliminsa

A kudu maso gabashin ƙasar Amurka akwai wata jiha da a ke kira Filorida, ƙasa ce mai zafi, mai rairayi da fadamu da sauro. A shekarar 1928 wata mace mai suna Marjorie Rawlings ta bar biranen arewa ta taho nan, ta sayi gonar lemo a wani ƙauye da a ke ce da shi Cross Creek. An haife ta a birnin Washington a 1896, kafin zuwanta kuwa aikin jarida ta ke yi. Da ta zauna a ƙauyen sai ta ga ashe maƙwabtanta Turawa ne talakawa tilis, waɗanda ba su da abin dogara sai 'yar gonar masara da dankali da abin da bindiga ta kawo daga daji. Ta shiga cikinsu sosai, ta bi tsofaffin maharba farauta, tana sauraron labarunsu tana rubutawa.

Akwai wani mutum a birnin New York, Maxwell Perkins, shi ne mai duba littattafanta kafin a buga. Shi ya yi ta matsa mata ta rubuta labarin wani yaro na wannan daji. Ta daɗe tana juya maganar, har wani tsoho daga cikin maharban nan, wai shi Cal Long, ya ba ta labarin wani ɗan barewa da aka taɓa reno a gidansu tun yana yaro. Daga nan ta sami bakin zaren. Littafin ya fito a 1938 da sunan The Yearling, ma'anarsa dabbar da ta cika shekara guda, wato ta wuce jariri amma ba ta kai babba ba. A wannan shekara babu littafin hikaya da aka saya a Amurka kamarsa, a 1939 kuma aka ba ta kyautar Pulitzer, wadda ta ke babbar kyauta ce ta marubuta a can.

Ga yadda labarin ya ke. An kafa shi ne a shekarun 1870, bayan ƙarewar yaƙin basasar Amurka. Wani manomi mai suna Penny Baxter yana zaune a tsakiyar daji da matarsa Ora da ɗansu guda, Jody, ɗan kimanin shekara goma sha biyu. Kafin Jody, Ora ta haifi 'ya'ya shida duk ta binne su, saboda haka zuciyarta ta bushe, tana tsoron ta ƙaunaci wannan ma ya tafi. Yaron ba shi da abokin wasa sai wani gurgun yaro a gidan maƙwabta, su ma kuwa da nisa. Ran nan suna cikin daji sai maciji mai mugun dafi ya sari uban. Nan take ya harbe wata barewa, ya farke ta, ya ɗora hantarta a kan saran don ta zuƙe dafin. Ya rayu, amma barewar ta bar ɗa. Jody ya roƙi ubansa a bar shi ya ɗauko marayan, tun da su suka kashe uwarsa. Uban ya ga maganar gaskiya ce, ya yarda. Gurgun nan ne ya zaɓa masa suna Flag, wato tuta, amma kafin ya ga dabbar ya rasu.

Shekara guda yaro da ɗan barewa suna tare, har nonon da a ke ba yaron raba shi ya ke yi da shi. Cikin shekarar an yi ambaliya ta lalata amfanin gona, annoba ta faɗa wa namun daji, wata ƙatuwar dabba mai farata da su ke kira beya ta yi ta kashe musu dabbobi har suka bi sawunta suka kashe ta. Sa'an nan aka zo inda maganar ta ke. Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Da Flag ya girma sai ya tattake dashen taba, ya cinye masarar da ta tsiro. Uban kuwa ya ji ciwo wajen aiki yana kwance. Jody ya sake shuka da hannunsa, ya yi kwanaki yana ɗaga shinge, amma dabbar ta tsallake ta sake cinyewa. Duk wanda ya taɓa noma ya san abin da wannan ke nufi: gidan da ya rasa shuka biyu a damina guda, yunwa ce ke jiransa. Uban ya ce a kai shi daji a harbe. Yaron ya kasa. Uwar ta ɗauki bindiga ta harba, amma ba ta iya ba, sai rauni ta yi masa, dole Jody ya bi shi ya ƙarasa shi da hannunsa. Ya gudu daga gida yana fushi da iyayensa, ya shiga wani tsohon kwalekwale, ya kwana uku da yunwa, har jirgin ruwa mai ɗaukar wasiƙu ya tsince shi. Da ya komo gida ya riga ya san abin da a ke kira yunwa, ya kuma gane dalilin ubansa.

Kamfanin silima na MGM ya sayi izinin mai da littafin wasa. A 1941 suka ɗauko ma'aikata da kaya suka sauka Filorida, da shahararren ɗan wasa Spencer Tracy a matsayin uban, Victor Fleming kuma yana shugabancin aikin. Abin bai yiwu ba. Zafi da ƙwari suka addabe su, manyan ba su jitu ba, ga kuma wata wahala da ba a yi tsammani ba: ɗan barewa girma ya ke yi da sauri, wanda aka ɗauki hotonsa a wannan wata, kafin wata mai zuwa ya sāke kama. Aka watsar da aikin bayan an kashe kuɗi masu yawa, a ƙarshen shekarar kuma Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu.

Sai a 1945 aka sake ɗauko maganar, aka danƙa ta ga Clarence Brown. Shi ya yi ta yawo makarantu yana neman yaron da zai dace, har ya same shi a wata makaranta a birnin Nashville, yaro ɗan shekara goma mai suna Claude Jarman, wanda bai taɓa fitowa a silima ba. Gregory Peck ya zama uban, Jane Wyman ta zama uwar. Aka koma dajin Ocala, inda labarin ya samo asali, aka ɗauki hotunan da launi, aka kuwa tanadi 'ya'yan barewa da yawa masu girma dabam dabam, a riƙa musanya su. Aka fara nuna wasan a watan Disamba na 1946. A bikin kyautar Oscar na 1947 ya ci kyauta biyu, ta ɗaukar hoto da ta tsara wuri, aka kuma ba yaron kyauta ta musamman ta yara.

To, amma wanda ya karanta littafin sa'an nan ya ga wasan zai lura an taɓa wasu abubuwa. A littafi uban ɗan ƙaramin mutum ne, shi ya sa ma a ke masa laƙabi da Penny, wato kwabo. Matarsa ce ƙatuwa. A silima kuwa sai ga Gregory Peck dogo kyakkyawa, matar siririya. Wannan asara ce, gama rabin daɗin littafin shi ne ganin ɗan tsurut ɗin mutum yana riƙe da gida a dajin da ya gagari ƙarti. Ƙarshen ma an sassauta shi. A littafi, sa'ad da yaron ya komo uwar ba ta gida, ta tafi da kaji wurin maƙwabta ta musanya su da irin masara, don dole a sake shuka ko yaro ya dawo ko bai dawo ba. A silima neman ɗanta ta fita yi, da ta komo ta gan shi ta rungume shi. Masu kallo sun ji daɗin haka ba shakka, amma na littafin ya fi kama da halin matar da ta binne 'ya'ya shida.

Abin yabo ga Brown shi ne bai ceci barewar ba. Da sauƙi ƙwarai a ce wani attajiri ya zo ya saye ta, ko a sake ta ta bi 'yan'uwanta, yara su fita ɗakin kallo suna dariya. Ya bar maganar yadda ta ke, yara da iyayensu suka zauna tare suka ga yaro ya harbe abin da ya fi ƙauna don gidansu ya sami abinci.

Marjorie Rawlings ta rasu a 1953. An sake mai da littafin wasan zane a Japan a 1983, an kuma yi na talabijin a Amurka a 1994, amma na 1946 shi aka fi tunawa. Gidanta na Cross Creek gwamnatin Filorida ta mai da shi wurin tarihi, an bar shi da itatuwan lemo kewaye da shi, da barandar da ta ke zama tana rubutu.