Idin Bukkoki: Cikakken Rumbu da Rufin Ganye

Cikin manyan idodi uku da Shari'ar Musa ta umarci mazajen Isra'ila su hallara a gaban Ubangiji, ikkilisiya ta riƙe biyu. Idin Ƙetarewa ya zama mana Ista, Idin Makonni kuma ya zama Fentikos. Na ukun, wato Idin Bukkoki, bai sami gurbi a kalandarmu ba, shi ya sa masu wa'azi da yawa sukan tsallake shi. A wurin Isra'ilawa kuwa babban idi ne, har a wasu wurare marubuta sukan kira shi idi kawai ba tare da ƙarin suna ba (1 Sarakuna 8:2), domin kowa ya san wanda ake nufi.

Ana fara shi ran 15 ga wata na bakwai, tsakanin Satumba da Oktoba a lissafinmu, kwana biyar bayan Ranar Kafara. Akan yi kwana bakwai, a rufe da taro a rana ta takwas (Littafin Firistoci 23:33-43). Fitowa 23:16 ya kira shi idin tattara amfanin gona, gama a lokacin an gama sussuka, an matse inabi, rumbuna sun cika. Daidai wannan lokaci ne, da mutum ya fi jin cewa ya tsaya da ƙafafunsa, Allah ya ce ya fita daga gidansa ya kwana bakwai a bukkar rassa da ganye, domin 'ya'yansa su san cewa kakanninsu a bukkoki suka zauna sa'ad da aka fito da su daga Masar. A jeji ba su da gona, ba su da rumbu, amma ba su mutu da yunwa ba. Maimaitawar Shari'a 8 ta faɗi haɗarin a fili: mutum ya ci ya ƙoshi, ya gina gida mai kyau, sai ya ce ƙarfin hannunsa ne ya samo masa. Bukka maganin wannan mantuwa ce. Malaman Yahudawa na baya sun kiyaye ma'anar da ƙa'idodinsu, suka ce dole rufin ya zama na abin da ya tsiro daga ƙasa, kada kuma tsayin bukkar ya wuce kamu 20, don kada a mai da ita gidan dindindin da wani suna.

Kada ɗalibi ya ɗauka idin makoki ne. Maimaitawar Shari'a 16:13-15 ta umarci farin ciki, ta kuma lissafa waɗanda za a yi shi tare da su: 'ya'ya, bayi, Balawe, baƙo, maraya da gwauruwa. Rabin waɗannan ba su da gonar da za su girbe. Hadayun ma sun fi na kowane idi yawa. Littafin Ƙidaya 29 ya sa a miƙa bijimai 13 a rana ta fari, a dinga rage ɗaya kowace rana har a kai 7, jimla 70. Daga baya malamai suka ce adadin yana tsaye ne a madadin al'umman duniya 70. Nassi bai faɗi haka ba, amma fassarar ta dace da abin da za mu gani a wurin Zakariya.

Tarihin idin a ƙasar alkawari bai tafi a miƙe ba. Sulemanu ya keɓe Haikali a lokacinsa. Bayan da mulki ya rabu, Yerobowam ya ji tsoron kada mutanensa su riƙa zuwa Urushalima zuciyarsu ta koma ga gidan Dawuda, sai ya kafa nasa idin a Betel ran 15 ga wata na takwas (1 Sarakuna 12:32-33). Ya bar ranar yadda take, ya gusar da watan. Duk shugaban ikkilisiya da ya taɓa shirya taro don kada jama'arsa su je na wani ya kamata ya karanta wannan wuri a hankali.

Idin ya sake samun nauyi bayan bautar Babila. Waɗanda suka komo bayan umarnin Sairus na shekara ta 538 kafin Almasihu sun kiyaye shi tun ba a aza harsashin Haikali ba (Ezra 3:4-6). A shekara ta 520, ran 21 ga wata na bakwai, wato rana ta bakwai ta idin, Haggai ya yi wa tsofaffin da suka raina sabon ginin albishir cewa ɗaukakarsa za ta fi ta na farko. A zamanin Nehemiya kuma, wajen shekara ta 445, shugabannin gidaje suka tarar da umarnin bukkoki cikin littafin da Ezra yake koya musu. Jama'a suka hau tuddai suka saro rassa, suka kafa bukkoki a kan rufin gidaje da farfajiyoyi da dandalin Ƙofar Ruwa. Marubucin ya ce tun zamanin Joshuwa ba a yi irin wannan ba (Nehemiya 8:17). A ganina dalilin a bayyane yake. Waɗannan mutane sun san abin da ake nufi da rasa gida. Haka ma yau, 'yan'uwanmu da rikici ya raba da garuruwansu, suna zaune a sansani ƙarƙashin tamfol, sun fi mu kusa da wannan nassi.

Kafin mu shiga Sabon Alkawari sai mu lura da yanayin ƙasar. Kakarmu a ƙarshen damina take zuwa. Tasu kuwa tana zuwa ne a ƙarshen rani, domin daga Mayu zuwa wajen Oktoba ruwa ba ya sauka a ƙasar Isra'ila. Saboda haka idin godiya ne don amfanin bana, roƙo ne kuma don ruwan da za a yi shukar baɗi da shi. Zakariya 14:16-19 ya ɗora annabcinsa a kan wannan: wata rana al'ummai za su riƙa zuwa Urushalima kowace shekara don Idin Bukkoki, al'ummar da ta ƙi zuwa kuwa ba za ta ga ruwan sama ba.

Daga nan al'adar zuba ruwa ta samo ƙarfinta. Ba ta cikin Shari'ar Musa. Littafin Mishna, wanda aka harhaɗa wajen shekara ta 200 bayan Almasihu, shi ya bayyana yadda ake yi a Haikali na biyu. Da safe firist yakan ɗebo ruwa daga tafkin Siluwam a butar zinariya, ya shigo ta Ƙofar Ruwa ana busa ƙaho, ya zuba a kwanon azurfa a kan bagade. Jama'a suna riƙe da rassan dabino da wani irin lemo mai kaurin ɓawo, ana rera Zabura 113 zuwa 118. Kowace rana akan kewaye bagade sau ɗaya, a rana ta bakwai sau bakwai. Da dare kuma akan kunna manyan fitilu a Farfajiyar Mata, da lagwanin da aka yi da tsofaffin tufafin firistoci, haskensu ya kai ko'ina cikin birni. Mutane sun ɗauki idin da zafi ƙwarai. Yusufus masanin tarihi ya rubuta cewa a wani Idin Bukkoki jama'a sun jejjefi Iskandari Yannayus, sarki kuma babban firist (103 zuwa 76 kafin Almasihu), da lemon da ke hannunsu, shi kuwa ya sa aka kashe mutum wajen 6,000.

A cikin wannan taro ne Yesu ya miƙe a babbar rana ta ƙarshe ya ɗaga murya, ya kira duk mai jin ƙishi ya zo wurinsa ya sha (Yahaya 7:37-39). Masana sun rabu ko rana ta bakwai ce ko ta takwas. Ko wacce ce, masu sauraro sun kwana bakwai suna kallon ruwa yana zuba a bagade suna roƙon damina, sai ga wani Bagalile yana cewa ruwan yana wurinsa. Yahaya ya bayyana cewa Ruhu Mai Tsarki yake nufi. A baitulmali kuma, a farfajiyar da fitilun nan suke, ya ce shi ne hasken duniya (8:12, 20), sa'an nan ya aiki makaho ya wanke idonsa a Siluwam ɗin nan. Tun a 1:14 ma, kalmar Helenanci da Yahaya ya yi amfani da ita don zaman Kalman a cikinmu tana nufin kafa alfarwa. Allah da ya sa mutanensa su kwana a bukka, shi da kansa ya shigo bukkar jiki mai jin yunwa da gajiya. Wasu sukan ɗora a kan wannan aya cewa a Idin Bukkoki aka haifi Yesu. Ayar ba ta ba da ranar haihuwa ba, kada mu koyar da hasashe kamar koyarwa.

Bayan rushewar Haikali a shekara ta 70, hadayu da zuba ruwa suka tsaya. Yahudawa suka ci gaba da bukka da rassa har wa yau. Wasu Kirista ma sun daɗe suna leƙawa, gama a shekara ta 386 Yahaya Kirisostom yana wa'azi a Antakiya a kan 'yan ikkilisiyarsa masu halartar idodin kaka na Yahudawa. Harshen da ya yi amfani da shi a kan Yahudawa ya wuce gona da iri, bai kamata mu gaje shi ba. Kolosiyawa 2:16-17 ta isa ta raba gardamar: idodi inuwa ne, ainihin yana ga Almasihu, ba wanda za a hukunta don yi ko rashin yi.

Duk da haka Sabon Alkawari bai ce idin ya gama cika ba. Ƙetarewa ya cika a gicciye, Makonni ya cika a ranar Fentikos, amma Bulus har yanzu yana kiran jikinmu alfarwa da za a rushe (2 Korantiyawa 5:1). Wahayin Yahaya 7:9-17 ya nuna taro daga kowace al'umma da harshe, da rassan dabino a hannu, Allah ya shimfiɗa alfarwarsa a kansu, Ɗan Ragon yana kai su maɓuɓɓugan ruwa. Al'umman Zakariya ke nan sun iso, an kuma ce daga babban tsanani suka fito.

Abin da ya fi kama da wannan idi a ikkilisiyoyinmu shi ne sujadar godiyar kaka, sa'ad da ake jere dammunan dawa da buhunan masara a gaban bagade. Sau da yawa mukan karanta ayoyin albarka, mu yi gwanjon kayan, kuɗin ya tafi ginin majami'a. Fasto mai shirya wannan sujada bana zai iya ɗaukar Littafin Firistoci 23:42-43 tare da Maimaitawar Shari'a 16:14, ya zauna da dattawa tun kafin ranar su rubuta sunayen gwauraye da marayu da baƙin da ke cikin garin, su yanke buhu nawa za a ware musu kafin a fara gwanjo.