Bindigar Gida da Adon Azurfa: Waiwaye Kan Wata Sana'a a Ƙasar Ruma da Safana

Da Malam Edita ya nemi in rubuta wani abu game da tarihin yankinmu, sai na zaɓi abin da mutane da yawa ke tsoron ambato a yau, wato bindiga. Dalilina shi ne, a da idan aka ce 'yan bindiga, ana nufin dakarun Sarki masu buga albarushi a gaban tawaga ranar hawan salla. Yanzu kuwa sunan ya koma kan ɓarayin daji. Ya kamata ƙannenmu su san ma'anar farko.

Bayan da Malam Ummarun Dallaje ya karɓi Katsina a 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa, daga baya suka kafa Maraɗi. Kusan ƙarni guda ana kai hari tsakanin ɓangarorin biyu, kuma dajin Rugu da ke yammacinmu na daga cikin hanyoyin mahara. Wannan ya sa Ruma ta zama garin tsaron iyaka, a nan kuma aka yi jarumi Ɗanwaire a ƙarshen ƙarni na 19. Har gobe Hakimin Batsari Sarkin Ruma ake ce masa, na Safana kuwa Yariman Katsina.

A wancan zamani doki da mashi da baka su ne manyan makamai. Bindiga kaɗan ce, mai tsada, tana zuwa ta Sahara daga Tarabulus ko daga bakin teku. Turawa na kiranta da sunan mutanen Danmak, saboda fataken ƙasar da suka yi cinikinta a gaɓar Gana ta yau. A Damagaram, Sarki Tanimu ya sa ana ƙera igwa da haɗa albarushi a Zinder. Bayan zuwan Turawa Katsina a 1903 yaƙi ya lafa, bindigar gida ta koma hannun maharba da masu gadin gona. Dokar makamai ta 1959 ta ce sai da lasin 'yan sanda ake riƙe ta.

To ina batun ado? Hausawa sun raba ƙira gida biyu. Maƙeran baƙi su ne na ƙarfe, masu garma da gatari. Maƙeran fari su ne na azurfa da tagulla, masu zobe da mundaye da kayan doki. Azurfar tasu yawanci daga tsabar kuɗi take, musamman mai hoton Sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya da ke ɗauke da shekarar 1780, sai kuma sulallan azurfa na Turawa. Dasa zaren azurfa cikin ƙotar bindiga ya fi shahara a Maroko da ƙasar Turkawa. A wajenmu an fi naɗa tagulla, a buga ƙusoshi masu ƙyalli, a rufe da jar fata, a rataya laya. Wadda na taɓa riƙewa ta wani tsohon maharbi ce a gefen Rugu, ƙotarta ta yi baƙi sumul saboda gumin hannu, ga zoben tagulla uku. Ya ce mini ta girme shi.

Ga mai son koyon dashen azurfa, aikin na haƙuri ne. Da farko a ja azurfa ta zama waya, a buge ta ta yi faɗi kamar siririn ƙyalle, a gasa ta kaɗan don ta yi laushi. Sai a zana fasalin a kan itace da fensir. A ɗauki ɗan ƙarfe mai kaifin baki a riƙa soka shi bisa layin, ba tare da an cire ko ɓarɓashin itace ba, tsaga kawai ake so. Daga nan a tsayar da azurfar a kan gefenta cikin tsagar, a buga a hankali da ƙaramar guduma. Idan an gama sai a shafa ruwa. Itacen zai kumbura ya damƙe azurfar, ba a bukatar danƙo. Bayan ya bushe a goge da magagari har ta yi daidai da fuskar itacen, a shafa mai. Itace mai tauri kamar maɗaci ya fi riƙewa. Sabon hannu ya fara da miƙaƙƙen layi a kan guntun katako da wayar tagulla mai araha, kafin ya taɓa azurfa. Sannu ba ta hana zuwa.

Abin da ke damuna shi ne halin da sana'ar ta shiga. Ba mu manta da harin Tsauwa da Dankar a 2020 ba, inda aka kashe mutum 30. Wanda ke kwana da fargaba bai da lokacin yi wa ƙota ado. Maƙeri ma yana tsoron a gan shi da ƙotar bindiga a zarge shi. Tsofaffin da suka san aikin suna ƙarewa, tsofaffin bindigogin kuma tsatsa da gara na cinyewa.

Shawarata ga ƙungiyarmu guda biyu ce. Na ɗaya, duk mai tsohuwar bindigar gado da ta daina aiki ya sanar da hukuma, a bi ƙa'ida a kai ta gidan tarihi na Katsina, wanda ke ginin tsohuwar Kwalejin Katsina, tare da sunan mai ita da garinsu. Na biyu, mu ɗauki nauyin wani maƙerin fari ya koya wa ɗalibai wannan dashe a kan sanda, ƙotar wuƙa, akwati ko sirdi. Ta haka fasahar za ta rayu, yaro ya sami abin yi, ba tare da an ƙara ko bindiga ɗaya a ƙasa ba.

Allah ya ba mu zaman lafiya a Batsari da Safana da ƙasa baki ɗaya, amin.