Aliyu Namangi da Kiɗan Caji: Yadda Tsohon Sha'irin Zazzau Ya Auna Waƙa da Wasa

A tashoshin mota da kasuwannin ƙasar Hausa, da wuya a sami wanda bai taɓa jin makaho yana rera baitocin Imfiraji ba, ɗan jagora yana amsa masa. Galibin masu saurare sun san waƙar wa'azi ce, wasu kuma sun san ta Alhaji Aliyu Namangi ce, makahon malamin Zariya wanda ya rasu a 1990 yana da shekaru fiye da 90. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne asalin karinta. Manazarta waƙa, irin su Farfesa Ɗalhatu Muhammad na Jami'ar Ahmadu Bello da Russell Schuh na Amurka, sun nuna cewa karin Imfiraji daga kiɗan caji ya fito, wato kiɗan nishaɗi na dandali wanda malaman zamanin ba sa yi wa kallon mutunci. Wannan aron da Namangi ya yi shi ne mabuɗin fahimtar yadda ya ɗauki kiɗa da adabi da wasa, kuma hukuncin da ya yanke yana da abin faɗa game da gardamar da ake yi a Arewa har yau.

Gadon da ya tarar

An haifi Namangi a wajen 1894 a ƙauyen da ya ci sunansa, a ƙasar Zazzau, kuma ya makance tun yana ƙarami. Da kunne ya yi karatu, da ka yake tsara baiti, wasu kuma su rubuta. Saboda haka a wurinsa waƙa murya ce kafin ta zama tawada a kan takarda.

Ya taso cikin al'adar da ta raba waƙa gida biyu. Akwai waƙar malamai, wadda ake rubutawa da ajami, a rera ta ba tare da ganga ba, jigonta kuwa tauhidi da begen Annabi da gargaɗi. Akwai kuma waƙar makaɗa da maroƙa, mai tafiya da kalangu ko goge ko taushi, wadda ake yi don sarki ko attajiri ko taron biki. Jagororin jihadin 1804 sun yi rubutu a kan kiɗa: sun yarda da gangar yaƙi da ta shela da ta ɗaurin aure, suka soki kiɗan sharholiya da cakuɗuwar maza da mata. Amma su ɗin ne suka fi kowa dogara da waƙa wajen karantar da talakawa, kamar yadda Nana Asma'u ta yi ta hannun 'yan taru. A Zazzau kanta, Sarki Aliyu Ɗansidi, wanda ya yi mulki daga 1903 zuwa 1920, fitaccen marubucin waƙa ne. Ke nan a garin da Namangi ya girma, sha'iri yana iya zama a kan gadon sarauta, makaɗi kuwa yana durƙushe a gabansa. Binciken M. G. Smith a ƙasar Zazzau a wajen 1950, da na David Ames a kan makaɗan Zariya a shekarun 1960, duk sun tabbatar da cewa roƙo da kiɗa suna cikin sana'o'in da ake ajiyewa a ƙasan jeri, duk da cewa babu bikin da ke cika ba tare da su ba.

Abin da jirgin ƙasa ya kawo

Namangi yana saurayi layin dogo ya iso Zariya a 1911. A gefen tasha, nesa da ganuwar birni, Sabon Gari ya tsiro: ma'aikatan reluwe, akawuna da 'yan kasuwa daga Kudu, da Hausawan da suka baro ƙauyukansu neman kuɗi. A can dokar giya ta fi sassauci, idon dangi da na malamin unguwa kuma ba ya kaiwa. Da tafiya ta yi tafiya sai ga otal-otal, ga gidajen silima, ga faifan garmaho. Makaɗi ya sami sabon ubangida, wato ma'aikaci mai albashin wata, wanda ba ya bukatar kirarin kakanninsa, abin da zai taka rawa da shi yake so.

Malamin birni yana da hanyoyi biyu a gabansa. Ko dai ya la'anci wannan sabon sauti ya toshe kunnensa, ko kuma ya saurare shi ya gane abin da ya sa yake kama zuciya. Namangi ya bi ta biyu. Ya ɗauki karin da samari suka riga suka haddace, ya sauke masa kayan da yake ɗauke da su, ya ɗora masa yabon Annabi da tunatarwa kan mutuwa da kabari da ranar hisabi. Sunan da ya ba waƙar daga Larabci yake, ma'anarsa yayewar ƙunci, kuma ko a kunne yana amsa amo da sunan kiɗan da ya zo ya maye gurbinsa. Tara daga cikin waƙoƙin Imfiraji aka buga da boko a Zariya, garin Kamfanin Gaskiya da Kamfanin Buga Littattafai na Arewa, suka shiga makarantu, suka kuma ci gaba da yawo a bakin makafi.

Daga wannan aiki ana iya karanta hukuncinsa. Taron da ake yi a kan kiɗa, da abin da ke biyo bayan taron, su yake zargi, kuma waƙoƙinsa ba su sassauta wa masu holewa da masu wasa da addini ba. Shi kuwa kari, a wurinsa jaki ne: abin da aka ɗora masa shi yake kaiwa kasuwa. Da yana ganin karin caji najasa ne, da bai kai shi ga yabon Annabi ba.

Haka kuma bai ɗauki raha a matsayin abin da ke rage wa malami daraja ba. Mutumin da ya tsara baitocin da ke sa jiki ya yi sanyi saboda tsoron kabari, shi ne kuma ya yi Waƙar Keke, inda ya mai da wannan baƙon abin hawa abin ban dariya. Ko wa'azin nasa cike yake da abin da masu wasan kwaikwayo za su gane: ana zana wuri, ana fito da mutane da halayensu, ana sa mai saurare ya ga kansa a cikin likkafani. Makahon da bai taɓa ganin dandali ba ya san yadda ake kafa shi a cikin kunne.

Samaru ta zo da nata

Wasan kwaikwayo ba baƙo ba ne a Zazzau. Yara suna tashe a watan azumi, akwai wasan gauta na fada, akwai kalankuwa ta matasan ƙauye bayan kaka, inda ake kwaikwayon sarki da fadawa da alƙali. Rubutaccen wasa kuma a Zariya ya fara fitowa, lokacin da Rupert East na Hukumar Talifi ya buga wasanni shida a 1936, daga baya Shu'aibu Maƙarfi ya zo da Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu.

Namangi ya kusa shekara 70 lokacin da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru a watan Oktoba na 1962. A shekarun tsufansa ne wasa ya zama darasi. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa wasan dandali, aka buga shi a 1975, Adamu Halilu kuma ya yi fim ɗinsa a 1976. A tsakiyar shekarun 1970 Michael Etherton ya jagoranci fara koyar da wasan kwaikwayo a jami'ar, aka gina gidan wasa na ƙasa da ciyawa wanda Steven Ehrlich ya zana bisa fasalin gidan Bahaushe. Daga nan malamai da ɗalibai, cikinsu har da Salihu Bappa da Oga Steve Abah, suka fara fita unguwannin Samaru da garuruwa irin su Soba da Maska da Bomo, suna tattara matsalolin mutane, su shirya wasa a kai, su yi shi a fili a gaban masu matsalar.

Tsakanin waɗannan matasa da tsohon malamin akwai tazara mai yawa. Shi lahira yake nuna wa mutane, su kuwa takin zamani da ruwan sha da zaluncin masu iko. Duk da haka dabarar ɗaya ce: ka je wa jama'a da salon da suka riga suka so, ka ba shi saƙon da kake ganin suna bukata. Abin da ya yi wa caji shi suka yi wa tashe da kalankuwa.

Jami'ar ta karrama Namangi da digirin girmamawa na dakta. A 1988, yana raye, ta ba Mamman Shata irin wannan digiri, makaɗin kalangu wanda ya yi suna a fagen biki da otal. Hular da aka sa wa sha'irin wa'azi ita aka sa wa makaɗi. Katangar da ta raba gidajen waƙa biyu tun ƙarni na 19, Samaru ta ƙi amincewa da ita a bainar jama'a, alhali Namangi ya riga ya tsallaka ta shekaru da dama kafin nan.

Gardamar da ba ta ƙare ba

Tambayar da Sabon Gari ta jefa wa malaman birnin Zariya ta sake dawowa da sabuwar riga. An kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001. A 2007 an ƙona littattafan soyayya a Kano da sunan gyaran tarbiyya. A 2016 gwamnatin tarayya ta janye shirin gina ƙauyen finafinai a jihar bayan malamai sun yi masa ca. A kowane karo, ɓangare guda yana cewa salon kansa ne cutar, ɗaya ɓangaren yana cewa babu abin da za a tuhumi fasaha da shi.

Namangi ba zai zauna daram a ɗayan ɓangarorin nan ba. Ba zai yarda da mai fim da ke cewa nishaɗi ba ruwansa da tarbiyya ba, domin duk rayuwarsa a kan abin da waƙa ke ɗauka ya yi ta. Ba kuma zai zama hujja ga mai neman a rufe dandali ba, domin da ya rufe kunnensa ga dandali, da babu Imfiraji. Matsayinsa ya fi duka biyun wahala, don yana bukatar mai suka ya iya abin da yake suka, har ya fi mai shi iyawa. Caji dai ya zama sunan da sai a littattafan nazari ake cin karo da shi, karinsa kuwa yana nan a kowace tasha, yana ɗauke da yabon Annabi. Babu dokar da aka kafa ta yi wannan aiki. Waƙar da ta fi ta daɗi ce ta yi shi.