Gidan Abincin Da Ya Ciyar Da Gwagwarmaya

Duk ɗalibin da ya sauka birnin New Orleans na Amurka, za a ce masa ya ɗanɗani gumbo, miyar Kiriyol da ta samo sunanta daga kalmar kuɓewa a wasu harsunan Afirka. Gidan Dooky Chase na cikin inda aka fi yaba ta.

Iyalin Chase suka buɗe shi a 1941, zamanin da dokar wariya ta hana baƙar fata shiga manyan gidajen abincin birnin. Surukarsu Leah ta taɓa aikin kai abinci a gidajen Turawa, ta ga yadda ake karrama mai ci. Sai ta shimfiɗa ƙyallaye a tebura, ta ƙawata bango da zanen baƙaƙen masu fasaha, domin mutanenta ma su ci cikin mutunci.

A benen gidan ne Thurgood Marshall da Martin Luther King suka riƙa ganawa da 'yan gwagwarmaya, baƙaƙe da farare a tebur ɗaya, abin da doka ta haramta kafin 1964.

Ambaliyar Katrina ta rufe gidan a 2005, aka sake buɗewa a 2007. Leah ta rasu a 2019, tana da shekara 96.