Gaɓar da ke riƙe da taya: tarihin bol-joyin daga Turai zuwa Fanteka

A ƙafar gaba ta akori-kura akwai wata 'yar gaɓa da ba ta wuce dunƙulen hannu ba, wadda kanikawa ke kira bol-joyin. Ƙwallon ƙarfe ne a cikin kwanso, an cika shi da giris, an rufe da roba. Ita ke ba taya damar juyawa dama da hagu, tana hawa da sauka a lokaci guda. Ranar da ta tsinke ana cikin gudu, taya kan lanƙwashe, sitiyari ya ƙwace wa direba.

Kafin zuwanta, motoci sun dogara da kimfin, wato sandar ƙarfe da taya ke juyawa a kanta kamar ƙyaure. Kamfanin Citroën na Faransa ya sa bol-joyin a motarsa Traction Avant da ta fito a 1934, Ford kuma ya bi sahu da Lincoln a 1952. Manyan motocin kaya irin su roka sun ci gaba da amfani da kimfin saboda nauyi, amma ƙananan motoci da akori-kura suka koma sabuwar gaɓar.

Kaduna ta shiga wannan tarihi sosai a 1975, lokacin da kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kakuri, kudu da kogi. A wancan zamani, idan gaɓa ta ci, sai a cire a sa sabuwa fil. Daga 1986, da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo tsarin SAP, darajar naira ta faɗi, sabbin kayan gyara suka fi ƙarfin talaka. Kasuwa ta koma hannun kayan Beljiyom da na jabu, hankali kuma ya ƙara karkata arewacin kogi, zuwa tsohuwar Fanteka da ke maƙwabtaka da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. A irin waɗannan wurare masu walda da masu sassaƙa ƙarfe suka saba farfaɗo da abin da kamfani ya ƙera don a jefar idan ya gaji. Gyaran kan kashe ƙara, amma ba ya mayar da ƙarfen da ya riga ya zaizaye.

A yau wata gaɓar ta daban na jan hankalin masu ɗaga ƙafar motoci irin su Hilux: ƙwallo mai huda a tsakiya, wanda ake zura masa ƙusa a ɗaure da noti. Ta yi suna ne a jiragen sama tun Yaƙin Duniya na Biyu. Amurkawa na kiranta Heim, Ingilawa Rose, da sunayen kamfanonin da suka ƙera ta. Masu tseren hamada, kamar na Baja 1000 da aka fara a Meziko a 1967, sun rungume ta saboda ƙarfinta da yadda take lanƙwasa fiye da bol-joyin. Tana kuma da sauƙin kwancewa da sauyawa, abin da ya dace da al'adar Fanteka.

Sai dai galibinta a buɗe take, babu robar da ke tsare giris ta hana ƙasa shiga. Motar tsere ana kwance ta a duba bayan kowace gasa. Motar da ke ɗaukar buhuna daga Kawo zuwa Zariya kuwa, tana shan ƙurar hunturu da laka ta damina, sau da yawa ba ta ganin bakanike sai ta fara kuka. Yashi na shiga, ya cinye shimfiɗar da ke tsakanin ƙwallo da kwansonsa, gaɓa ta fara wasa.

Don haka mai mota a Kaduna ba ƙarfin gaɓa kaɗai zai duba ba. Wanda zai riƙa wanke ta yana dubawa a kai a kai, sabuwar za ta yi masa amfani. Wanda kuwa motarsa ke neman abinci kullum, ingantaccen bol-joyin mai lafiyayyar roba ya fi masa, muddin zai sauya shi da zarar robar ta yage.