Daga Teburin Ofis zuwa Silver Jubilee: Zamanin BlackBerry a Kano

Turawan mulki sun tsara Nassarawa ne don ta yi nesa da jama'a. Suka yanka manyan filaye a wajen ganuwa, suka dasa itatuwa, suka zaunar da Razdan da ma'aikatansa. A nan Hanns Vischer, wanda aka raɗa wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a 1909, a nan kuma gidan gwamnati yake har yau. Da Turawa suka tafi, manyan sakatarori da manajojin banki da likitoci suka gaji gidajen, suka kuma gaji al'adar wurin: mai neman babban mutum sai ya bi ta hannun maigadi, ya bi ta hannun sakatare, takardarsa ta kwana a fayil har masinja ya ga dama.

Zuwan wayar salula a Agustan 2001, bayan MTN da Econet sun biya dala miliyan 285 kowannensu kuɗin lasisi, bai rushe wannan tsari ba. Murya take ɗauka da gajeren saƙo, takarda kuwa tana nan a kan tebur. BlackBerry ce ta ɗauko ta daga can ta saka ta a aljihu.

Kamfanin Research In Motion na garin Waterloo a Kanada ya fito da ita a 1999, 'yar na'urar karɓar imel kawai, sai a 2002 aka haɗa mata kira. Abin da ya bambanta ta shi ne madannai: kowane harafi da maɓallinsa, a jere kamar na tafireta, an ƙanƙanta su daidai manyan yatsu biyu. Wanda ya saba danna lamba 7 sau huɗu a Nokia kafin harafin S ya fito ya san girman wannan sauƙi. Globacom ya kawo ta Nijeriya a 2006, sauran kamfanoni suka biyo baya. Da fari ta masu hali ce. Manaja yana amsa wasiƙar hedikwata ta Legas daga bayan mota, lauya yana duba daftari a harabar kotu, 'yar jar fitila tana ƙiftawa a kan tabarma lokacin walima. Aiki ya daina tashi da ƙarfe huɗu, kuma ba kowane magidanci ne ya yi murna da hakan ba.

Sai dai madannai ba su ne suka yaɗa ta ba. Kuɗin wata ne. Saƙonnin BlackBerry duka suna bi ta manyan kwamfutocin kamfanin ne, a matse su kafin su iso, don haka ba sa cin data sosai. Wannan ya ba kamfanonin waya damar sayar da tsarin da ake kira BIS a kan ƙayyadadden farashi, a lokacin da intanet a sauran wayoyi yake lashe kati kamar wuta a busasshiyar ciyawa. Gasa ta riƙa sauko da farashin, 'yan kasuwar Beirut Road da Farm Centre suka cika shaguna da na hannu daga Ingila, Curve 8520 ta 2009 ta zo da araha. Nan da nan ɗalibar Jami'ar Bayero ta riƙe irin wayar da kwamishina yake riƙewa.

Ba imel ta saya don shi ba, BBM ne. Lambar PIN mai gurbi takwas ta zama adireshi, harafin D yana nuna saƙo ya isa, R yana tona asirin wanda ya karanta ya yi shiru. Wanda ya sami PIN ɗin babban mutum ya tsallake maigadi da sakatare da masinja gaba ɗaya. (Madannan ba su da ƙ da ɗ da ɓ, don haka ƙasa da kasa suka zama abu guda a allo, mai karatu ya raba da kansa.) A 2011 har fim aka yi a Kudu mai suna BlackBerry Babes, kan 'yan matan da suka mai da ita ma'aunin daraja.

Ranar 1 ga Janairun 2012 gwamnatin Goodluck Jonathan ta janye tallafin fetur, lita ta tashi daga naira 65 zuwa wajen 141. Matasan Kano suka mamaye shataletalen Silver Jubilee, ba nisa da gidan gwamnati, suka kwana a wurin har 'yan sanda suka tarwatsa su cikin dare. A duk ƙasar, BBM da Twitter da Facebook ne suka riƙa kai kira da hotuna. Wayar da aka ƙera don ma'aikaci ya yi wa ofis biyayya ko yana gida, ita ce ta tara jama'a a bakin unguwar masu ofis. Ranar 20 ga watan, da Boko Haram ta kai hare-haren da suka kashe mutum aƙalla 185 a birnin, aka kafa dokar hana fita, ta wannan hanya mutane da yawa suka nemi 'yan uwansu. Ta nan ne kuma jita-jita ta yi ta yawo, domin saƙon da ake watsa wa kowa a danna guda ba ya tambayar inda ya samo asali.

Rauninta yana cikin ƙarfinta. A Oktoban 2011 na'ura ta lalace a cibiyar kamfanin da ke Slough a Ingila, saƙonni suka tsaya kwana uku a Turai da Gabas ta Tsakiya da Afirka. Ofishin da ke titin Sultan ya gane cewa wasiƙarsa zuwa maƙwabci sai ta je ƙasar waje ta dawo. A Janairun 2013 kamfanin ya fito da BlackBerry 10, wadda ba ta bi ta BIS, wato ya jefar da abin da ya sa 'yan Nijeriya suke sayensa. A lokacin WhatsApp yana aiki a wayoyi iri-iri, Tecno mai layi biyu tana cika Farm Centre. Sakin BBM ga Android da iPhone a Oktoban shekarar ya zo a makare.

Kamfanin ya daina ƙera waya da kansa a 2016, aka rufe BBM na gama-gari ranar 31 ga Mayun 2019. Ranar 4 ga Janairun 2022 ya kashe hidimar tsofaffin wayoyin baki ɗaya.