Daga Kurmi Zuwa Zawaciki: Nazari A Kan Taken Jihar Kano

Kowace jiha a Nijeriya tana da taken da ake rubutawa a jikin lambar motocinta, wanda kuwa ya faɗo wa Jihar Kano shi ne Cibiyar Kasuwanci, take ne da babu mai jayayya da shi, domin duk wanda ya ratsa Kantin Kwari da hantsi, ko Dawanau lokacin kaka, ko kasuwar Singa a jajiberin azumi, ya san ba a yi ƙari ba. Sai dai alamar hukuma takan bayyana wani abu ta sakaya wani, kuma abin da nake nufin kafa hujja a kansa shi ne, cinikin da ya ɗaukaka Kano tun asali ya ginu ne bisa abin da hannun Kanawa ya sarrafa, ta yadda duk sa'ad da sana'a ta raunana, kasuwa takan ci gaba da hayaniyarta alhali ribarta mafi tsoka ta koma wata ƙasa.

Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ne ya kafa kasuwar Kurmi, a zamaninsa ne kuma Shaihu al-Magili ya sauka Kano ya rubuta masa risala a kan abin da ya wajaba ga sarakuna. Amma ayarin da ke ketowa daga Gadamas da Agadas ba don su sayar da gishiri da takarda su juya kawai suke zuwa ba. Abin da ke jawo su shi ne saƙi da rini da jima. Baturen Jamus Heinrich Barth, da ya zo a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300, kuma ya shaida ana sa su har Tambutu. In aka bi turkuɗi guda tun daga gona, za a tarar manomi ya noma auduga, mata sun yi gurza da kaɗi a cikin kulle, masaƙi ya saƙa sawaye, maɗinki ya haɗa, marini a Kura ko Ƙofar Mata ya tsoma a baba da toka, mabugi ya buga har ya yi walƙiya, sa'an nan fatake suka ɗauka. Wurin da Buzu ya biya a Azbin, ke nan, ya ratsa hannu shida ko bakwai a ƙasar Kano kafin ya tsaya.

Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya fara jigila a 1912, daga nan al'amari ya juya. Sun yi tsammanin auduga za su samu, sai manoma suka karkata ga gyaɗa, dillalai irin su Alhassan Ɗantata suka tara ta dala-dala tana jiran taragon Ikko. Dalar gyaɗa ta zama alamar da har yau ake tunawa da bege, ni kuwa a ganina begen yana bukatar gyara, domin ita ce shaida ta farko cewa Kano ta koma mai fitar da ɗanyen kaya, ana matse man a Ingila da Faransa. Masana'antun da aka fara kafawa a Bompai tun kafin samun mulkin kai, na matsar man gyaɗa da saƙa da alewa da kwanon sha, waɗanda Kwarori da Girkawa da wasu attajiran gida suka zuba wa jari, yunƙuri ne na dawo da rabin wannan aiki gida.

Ranar 27 ga Mayu, 1967 aka ƙirƙiri Jihar Kano, aka naɗa Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Baƙo gwamna, mutumin da ya fahimci cewa ƙasar da ruwan samanta ba ya wuce wata huɗu zuwa biyar tilas ta tare ruwanta. Madatsar Bagauda da ta Tiga, wadda aka gama a 1974, da noman rani na Kadawa, duk daga wannan tunani suka fito. A shekarun 1970 zuwa farkon 1980, da kuɗin man fetur da dokokin mallaka wa 'yan ƙasa kamfanoni na 1972 da 1977, aka yanka unguwar masana'antu ta Sharaɗa kashi uku, aka buɗe ta Challawa a gefen kogin da birni ke sha tun zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Wurin da aka ajiye su ba haɗari ba ne: majema da masaƙa ba sa rayuwa sai da ruwa mai yawa, saboda haka suka bi kogi. Illar ita ce ruwan ya komo da dattinsa, na Sharaɗa ta rafin Salanta zuwa Challawa, na Bompai ta Getsi zuwa Jakara, inda masu lambu ke ban-ruwan latas da kabejin da ake ci a birni.

To, me ya durƙusar da waɗannan masana'antu? An saba ɗora laifin a kan gwamnatocin jiha, kuma suna da nasu kaso, amma adalci ya wajabta a duba wane ne ke riƙe da wane linzami. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, ruwan sha ma nasa ne, haka hanyoyin cikin gari. Harajin kwastan kuwa, da darajar naira, da tashoshin ruwa, da jirgin ƙasa, da babban layin lantarki, duk na Tarayya ne a lokacin. Da aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu a 1986, naira wadda a 1985 take kunnen doki da dala ta faɗi warwas, mai masana'antar da injinsa da sinadarinsa daga waje suke ya wayi gari jarinsa ya narke. Matatar Kaduna, mai ba tukunyar masaƙa baƙin mai, ta riƙa tsayawa. Wuta ta zama sai an gani. Sa'an nan aka ɗage haramcin shigo da yadi a 1997, atamfar Sin ta kwararo, wata ta Ikko, wata ta Kwatano da Maraɗi ta ɓarauniyar hanya. Gwamnan Kano ba shi da ta cewa a ko ɗaya daga cikin waɗannan. Wanda ya zaga Sharaɗa a yau zai ga ƙofar da dā ma'aikata ke tururuwa da kekuna in jiniya ta yi kuka, yanzu tirela ce ke ja da baya a cikinta, 'yan dako na sauke diloli, an kwance injuna an mai da zauren sito.

Mai ja zai ce, ai yadi mai araha maslaha ce ga talaka, kuma Kantin Kwari yana ciyar da mutanen da babu masaƙar da ta taɓa ɗauka. Wannan magana tana da ƙarfi, ba kuma zan raina ta ba, don uban da zai yi wa 'ya'ya bakwai ɗinkin salla ya fi kowa sanin bambancin kuɗin turmi. Amma rabon dillali da ɗan dako la'ada ce da ladan ɗauka, kuma sun dogara ga canjin dala da buɗewar iyaka, kamar yadda rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma na bayan juyin mulkin Nijar a Yulin 2023, suka nuna. Manomin auduga a Gwarzo ko Funtuwa ba shi da ko anini a turmin da aka saƙa a Sin.

Wannan ya kawo mu Zawaciki, a Ƙaramar Hukumar Kumbotso, maƙwabciyar Challawa, inda aka gina tashar tsandauri ta Dala, wadda aka ba da izininta tun 2006 amma ba a buɗe ta ba sai Janairun 2023. Hikimarta a fili take. Kano tana nesa da teku da fiye da kilomita 1,000, saboda haka in kwastan za su duba kaya su rufe kwantena a nan, an rage wa ɗan kasuwa jiran tashar Apapa da shingayen hanya. In an gama layin dogo na Kaduna zuwa Kano, da na Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kilomita 284 wanda aka aza harsashinsa a 2021, za ta zama mahaɗa kamar yadda Kurmi ta kasance ga raƙuma. Amma tasha ba ta zaɓen abin da ke wucewa ta cikinta, sauƙin da za ta yi wa mai fitar da takalmi shi ne za ta yi wa mai shigo da shi. Kayan da ke fita daga Kano yanzu galibinsu riɗi ne da zoɓo da citta da ƙaro, ɗanyu, sai fatar akuya da ta tumaki da majemun Challawa ke jemewa a tura Italiya da Sifaniya, inda ake ɗinke ta jaka da takalmi a ninka kuɗinta. Wato dalar gyaɗa ce ta dawo cikin kwantena.

Abin da ya sāke shi ne gyaran tsarin mulki na Maris 2023, wanda ya ba jihohi ikon yin doka a kan lantarki da jirgin ƙasa, linzamai biyu daga cikin waɗanda muka lissafa a hannun Tarayya. Jihar tana da ƙaramin injin wuta mai megawat 10 a Tiga, akwai tashar hasken rana mai megawat 10 a Kumbotso, ga kuma bututun iskar gas mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta da aka fara shimfiɗawa a 2020. Waɗannan ba su isa birni mai miliyoyin mutane ba, amma in aka keɓe su ga Challawa da Sharaɗa da Bompai bisa yarjejeniyar da gwamnati mai zuwa ba za ta warware ba, aka kuma tilasta tace ruwan majema kafin ya shiga kogi, masu ɗinkin takalma na Ƙofar Wambai za su iya samun jemammiyar fatar da yanzu ke wuce su zuwa Turai.